Gawayin da Muka Kai Gaya

Mun tashi da asuba daga Yamai, mu uku, ni da abokaina biyu, da buhu guda a bayan mota. Buhun nan shi ne dalilin tafiyar. Gawayin tsofaffin tayoyi ne, abokina mai aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ya gasa su a rufaffiyar tukunya, ya wanke, ya dunƙula, zai gwada tace ruwan wankin kamiyo, manyan motocin kaya, da ke gangarawa cikin garake a Gaya. Ni kuwa barka za ni, ƙanwata ta haihu a gidan Innarmu. Tun a hanya abokin nawa ya ja mana kunne cewa na ruwa ne kawai, in ya hau wuta a cikin ɗaki hayaƙinsa yana iya halaka mutum. Na ce to, amma raina bai so buhun ya kwana gida ɗaya da jariri ba.

A Doso muka sha shayi da burodi, burodin ya rame amma kuɗinsa ya yi ƙiba. Daga nan ruwan sama ya raka mu, ramukan titin gudro duk sun cika, direba yana ta salati. Wani jandarma ya zura hannu a buhun ya ce, "Yanzu har gawayi daga Yamai ake kawo mana?" Muka yi dariya. Da giginyu suka fara yawa, ga shinkafa koriya shar, ga layin kamiyo ba iyaka, na san mun iso.

Muka jibge kaya a zaure, na ga ɗan, ja wur da shi, sannan muka fita duba wurin wankin motoci. Muka ci kifi soyayye a bakin kogi, muka dawo da la'asar.

Buhun ya koma rabi. Inna tana ta sa mini albarka: itace duk ya jiƙe da damina, ga shi ɗanta ya kawo gawayi. Kun san mu da tsaraba, ba a ci ta a gida ɗaya, har ta raba wa maƙwabta.

"Inna, mai jego fa?"

"Ai ita aka fara hura wa, ta ji ɗumi."

Ban san sadda na isa ɗakin ba. An saki labule, taga a rufe, warin roba ya cika ko'ina. Ƙanwata tana dafe da kai, wai ta ɗauka haka gawayin birni yake wari. Na yi waje da kaskon, na sunkuci yaron. Numfashinsa yana fita da wata 'yar ƙara kamar ta kyanwa, tsoro ya kama ni sosai.

Babur ɗin kabu-kabu ya kai ni likita da yaron, ƙanwata tana biye a wani. Abokan tafiyata kuma suka bi Inna gida-gida karɓo tsaraba, abin da ta ce ko a mafarki ba ta taɓa yi ba. An ce wata tsohuwa sai da aka rantse mata kafin ta fito da nata. Mu muna can zaune a benci, ba mai iya kallon wani, har malamar asibiti ta fito ta ce numfashin ya daidaita. Sai dai ƙirjin jariri ba a yi masa alkawari, a sa ido, in ya fara tari a dawo da shi maza.

Gwajin ruwan an yi shi washegari, sun ce ya yi kyau. Ni ban je ba.

Mun dawo Yamai lafiya. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, duk abin da ka sauke a zauren gidanku tsaraba ne, sai ka faɗi sunansa tun kafin gaisuwa. Yaron yana shan nono, an ce bai yi tari ba. Amma har yau in waya ta yi ƙara na ga lambar Gaya, sai na nemi wuri na zauna kafin in ɗauka.