Takardun Zauren Kakana

Warin makuba ne ya tayar mini da wannan magana. Shekaranjiya na shaƙe shi a bayan kasuwar Gidan Rumji, inda wasu ke yaɓe, sai ga fuskar ƙanen babana a idona. In gaya maka gaskiya, har yau ba na son ganinta.

Kakana magini ne. Shi ya zana fuskar zaurenmu, zanen da har masu jakuna kan ja su tsaya kallo. Da ciwon ƙafa ya hana shi hawa tsani, sai ya koma tara shuɗiyar takardar nan da ake naɗe sukari. Yakan ninka ta huɗu, ya bi ta da aska, ya buɗe, sai ga dagi ya fito, hagu daidai da dama. Duk shekara in damina ta wuce aka yi sabon yaɓe, akan ɗora takardun a ɗanyar laka a bi gefensu da wuƙa. In ba su, ba zanen. A ƙarƙashin buzunsa yake ɓoye su, kuma ni kaɗai ya nuna wa, don ni ce amaryarsa ta wasan jika da kaka.

Shekarar da aka ce ƙasa ta dawo hannunmu, ƙanen babana ya samu aikin kai takardu a buro, wato ofishin Kwamanda mai mulkin yankinmu. Ya dawo da baƙin tabarau da raini. Wai gidan ma'aikaci ba ya zama da zanen ƙauyawa, za a shafe zauren da siminti ya yi sumul. Kaka ya ce sai dai bayan ransa.

Ƙanen babana bai jira ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da tsohon, ya kira ni ya miƙo mini alewa.

"Ɗiyata, ɗauko mani takardun nan na Baba. Kwamanda shina son gani."

Da murnata na je na zaro su, Kaka na barci. A gabana mutumin nan ya cukuikuye su ɗaya ɗaya, ya cusa a tsagogin bango, leburori suka bi da siminti. Da na ƙwalla ihu sai ya make mini baki.

Bayan kwana uku Kaka ya dogara sanda ya fito. Ya daɗe yana shafa bangon da tafin hannu.

"Ina takarduna?"

"Suna ciki, Baba. Ai can kake son su."

Kaka bai dube shi ba, ni ya duba. Bai zage ni ba, bai dake ni ba. Bai dai sake kirana amarya ba har ya koma ga Allah.

Simintin ya daɗe da tsattsagewa. Ƙanen baban nawa ma ya rasu, na je gaisuwa don kada a ce. Bara sai ga ɗansa da takarda da almakashi, wai yanzu zanen gargajiya ake yayi, manya na yi a gidajensu, shi ma yana so a maido na zaure.

"Yaya, an ce ke kaɗai kika riƙe shi."

Na ce masa na manta. Ban manta ba. Ko yanzu na rufe ido ina ganin kowace lanƙwasa. Da ni za a binne shi, ba dai a bangon gidansu ba.