Ƙafar da na ɓoye cikin takaba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun rasuwar maigidana Malam ba ku sake jin ɗuriyata a nan ba. Ba gaisuwarku na ƙi ba, kwance nake.

Ina cikin takaba ƙaya ta soke ni a yatsan ƙafa, a tsakar gida. Ga ni da ciwon suga. Wurin ya kumbura, ya yi baƙi, ya fara wari.

Na rufe da zane. A sanina mai takaba ba ta ƙetare zaure. Ɗaki ɗaya, tabarmar Malam a naɗe, ni da ciwo.

Ɗiyata Rabi, da ke karatun jinya, ta dawo Mafara zaman makoki ta ƙi komawa. Darussan da malamansu ke turowa ta waya sun taru ba ta buɗe ba. Ta ce, "Inna, Baba nake yi wa karatun. Yanzu wa zan nuna wa sakamako?"

Wari ya tona ni. Ta ɗaga zanen, ta yi salati, ta ɗauki hoton ƙafar ta tura wa malamarsu.

Matar ta kira, ga fuskarta cikin waya. "Hajiya, yau za ki asibiti. In kin jira fitar takaba, ba da ƙafar nan za ki fita ba."

Na ce ba hali. Sai da yayan Malam ya taso daga Bakura. "Lalura ce, Hajara. Addini bai ce ki ruɓe a ɗaki ba."

Aka kai ni asibiti. Gwajin jini, ƙarin ruwa, allura safe da yamma. Shinkafar da muka noma a Bakolori duk ta tafi a magani. Sun cire yatsa biyu. Na ji tsoro, kuma wanda zan faɗa wa yana kabari.

Da aka sallame ni, Rabi ke wanke ciwon. Ta jingina waya da tulu, ta kalli darasin, ta tsayar, ta gwada a kaina. Na ce, "To, na zama allon karatunki." Ranar muka fara dariya.

Ta koma makaranta. Ina takawa da sanda, alhamdulillahi. Allah ya saka wa malamar nan da ma'aikatan asibiti.

Mai suga, ki duba ƙafarki kullum. Mai takaba, in ciwo ya zo, ki tambaya, ki fita.

Jiya Rabi ta turo sakamakonta. Ban iya karanta Turancin ba, amma ni ta nuna wa.