Ƙofar Ƙarfen Ɗakinmu

A shekarar da sojoji suka koma bariki muka tashi daga gidan hayarmu na Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni. Alhaji mai gidan ne ya ba mu notis, wai zai zuba ɗaliban asibiti.

Da hantsi akori-kura ta iso. Da maza suka yi sallama za su shigo kwasar kaya, na rasa inda zan fake, sai ɗakin Sista, nas ɗin da muke haya tare, 'yar Kudu ce. Wata biyu ba ma ga maciji, tun ranar da hayaƙin murhuna ya ɓata mata fararen kayan aikinta muka yi cacar baki. Na san addini bai yarda gaba ta wuce kwana uku ba, amma kullum sai in ce gobe. Ta nuna mini bakin gado da haɓa. Na zauna a takure.

Daga nan na jiyo guduma. Maigidana ne yake cire ƙofar ƙarfen da ya saka wa ɗakinmu, bayan ta katakon da muka tarar gara ta cinye ta. Sai muryar Alhaji.

"Malam, ajiye gudumar nan! Abin da ya kama bango na mai bango ne."

"Alhaji, ni na sayo ta."

"Wa ya gani? Jama'a ku shaida, sata da rana tsaka!"

Maigidana shi ke jan salla a masallacin layin, ga 'yan dako, ga maƙwabta sun cika soro. Ta labule na hango shi tsaye, gudumar tana hannunsa. Na kama Hasbunallahu.

Mutum ɗaya ce ta ga ranar da mai walda ya kawo ƙofar, ga ta kusa da ni tana tsintar wake a faranti. Ban iya roƙonta ba. Da wane bakin? Kuma ita za ta ci gaba da zama a gidan.

Ta ajiye faranti, ta gyara zani, ta fita.

"Baba, ji tsoron Allah. A gabana aka kafa ƙofan nan. Ni na ba mai walda ruwa."

Wani dattijo ya ce, "To, Alhaji, ka ji."

Alhaji ya kaɗa babbar riga. "Ya ɗauki tsiyarsa. Ke kuma ƙarshen wata ki nemi wani gidan."

Ta dawo ta ɗauki farantinta. Na riƙe hannunta, hawaye ya ƙwace mini.

"Sista, ki yafe mini. Kin rasa ɗaki saboda mu."

"Maman yara, bari kuka, tashi mota na jira," in ji ta. "In kin je Taraunin, ki tambaya mini ko akwai ɗaki. Ko ƙarami ne."