Jan Irin Depite

Yayana bai iya zama ba. Tun muna yara a Dakoro yake cin tuwo a tsaye, da kuma ya zama depite, wato ɗan majalisar ƙasa, a shekarun farko bayan tafiyar Faransawa, sai abin ya ƙaru. Kwana uku a Yamai, biyu a Maraɗi, ya kwana ɗaya a gida, gari na wayewa ya nufi Korahane ko Sabon Maci cikin wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an tura. Ni kuwa a lokacin aurena ya mutu na dawo gida. Matarsa da yaransa suna Yamai, don haka ni ce da gidan Dakoro. Mangazar hatsin da mahaifinmu ya bari, shi da ya yi rayuwarsa yana fataucin gero, tana cikin gidan, amma mabuɗinta yana aljihun Yaya. In zai tafi ya auna mini abin da zai ishe ni, ya kulle.

Ba rowa ba ce, kada in ɗauki alhakinsa. Ra'ayi ne, kuma ra'ayin Yaya ya fi rowa wuyar magani. Yana ƙaramin ɗan lakwal, wato makarantar boko, ya ga an jera mutane a ƙofar kwamanda, Baturen mulki, wata shekarar yunwa, ana kiran sunansu ɗaya bayan ɗaya a zuba musu gero a bakin riga. A gabansa wani gardi ya kaɓe wa wani dattijon unguwarmu hula don ya fita daga layi. Tun daga ranar ya tsani rabon abinci. Da ya zama mushe, wato malamin lakwal, haka yake koya wa yara, da ya shiga majalisa haka yake faɗa musu da Faransanci, ya dawo kasuwar Dakoro ya maimaita da Hausa. Cewa yake talaka ba ciyarwa yake so ba, a haƙa masa rijiya, a ba shi iri, a kauce masa. Ni ma ban tsira ba. Ina tsakiyar surfe zai zo ya tsaya a kaina yana yi mini jawabi, kamar ni ce na hana ƙasar ci gaba.

Shekarar da nake magana, ruwa ya ɗauke tun gero bai cika ido ba. Kafin bazara rumbuna sun zama wurin kwanan kaji. Maza suka yi kudu, Katsina da Kano, mata suka shiga daji tsinkar anza. Wanda bai san anza ba, 'ya'yan wani ɗan itace ne masu ɗacin bala'i. Sai an jiƙa su kwana da kwanaki, ana zubar da ruwan ana sake wani, wasu har da toka, kafin su ciwu. Babu macen da ta girma a ƙasarmu da ba ta iya wannan aikin ba.

Bayan dangarmu akwai ƙawata. Mutanensu daga wajen Tagriss suka gangaro bayan dabbobinsu sun ƙare, suka kama noma. Mijinta ya tafi cin rani, shiru babu labari, ya bar ta da yara uku da gona ɗaya. Ba ta taɓa buɗe baki ta roƙe ni ba. Ni ce nake miƙa mata ta saman danga, yau tsaki, gobe dusa, ina cewa ya yi mini yawa. Ita ta san ƙarya nake yi, ni ma na san ta sani. Amma awon mutum ɗaya ba ya riƙe biyar.

Ana cikin haka Yaya ya dawo daga Yamai yana walƙiya. Wasu a majalisa sun nemi a raba abinci, shi ya tsaya kai da fata har aka yarda cewa a yankinmu iri za a kawo. Yana ba ni labari yana kai da kawowa a tsakar gida, ni kuma ina tankaɗe, raina a ɓace. Sai bakina ya riga hankalina.

"Yaya, kai dai ba ka taɓa kwana da yunwa ba. Kahin babbar motar da ta kawo shi ta juya, irin naka na cikin turmi."

Ya tsaya cak. Na ɗauka maganar ta shige shi. Ashe ta shige shi ne ta wata ƙofa. Washegari ya tafi wurin ma'aikatan gona, waɗanda ke da wani jan gari da ake cuɗa iri da shi don kada ƙwari da ciwon zangarniya su ɓata shi. Guba ce. Ya sa aka cuɗe irin gaba ɗaya kafin a raba, aka sa mai shela ya zagaya kasuwa yana cewa wannan na ƙasa ne, ba na ciki ba. Da zai koma Yamai har gode mini ya yi, wai na ba shi shawara mai kyau. Na fi shekara hamsin ina jin wannan godiyar tana ci mini rai.

Aka raba iri, sai ruwa ya ƙi zuwa. Hadari ya haɗu a gabas da la'asar, iska ta taso ta watsa shi, gobe ma haka. Na kasa zama a ɗaki, na kasa zama a waje. In ɗauki kaɗi in ajiye, in fita ƙofar gida in duba gabas, in dawo in tarar na bar wuta tana ci babu tukunya. Awona ya ƙare saura ɗan abin da ba ya rabuwa. Sau biyu ina ɗaukar taɓarya in tsaya gaban kwaɗon mangaza, sau biyu ina mayar da ita. Duk tsiwata, tsoron Yaya nake ji, kuma ina jin kunyar faɗin haka har yau.

Wata safiya na ga rairayin gindin dangarmu ya yi ja-ja. Na zagaya da gudu. Na tarar da ƙawata a tsugune gaban ƙwarya, tana murza jan irin cikin ruwan toka, tana tsiyayewa, tana sake zuba wani.

"Ke! Kashe ɗiyan za ki yi? Ba ki ji shela ba?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Na jiya, ƙawa. Anza ma ɗaci gare ta, munka iya da ita. Rabi na ɗiba, rabi na aje ma gona."

Bayan kwana biyu ta sake ɗibar rabi daga abin da ta ajiye. Abin da ke gabanta a fili yake. In ta ci irin babu abin shukawa, baɗi ma yunwa ce. In ta ajiye shi, yaran ba za su ga ruwan farko ba.

Yaya ya iso da hantsi ranar wata kasuwa, ƙura har gira. Ko ruwa bai sha ba ya ce in kai shi wurin ƙawata, yana so ya ga yadda ta adana irinta, don zai ba da misali da ita a majalisa, mace ita kaɗai da ba ta miƙa wa kowa hannu ba. Da ina da kirki da na gaya masa tun a gida. Na yafa zane na shige gaba.

Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar bukka, ya ƙi zama kamar yadda ya saba. Aka gaisa. A wurinmu baƙo ba ya shiga gida ya fita ba a ajiye masa abin sha ba, komai talaucin gidan, kuma baƙon da ya ƙi taɓawa ya ci mutuncin mai gida. Ta shiga ta fito da ƙwaryar fura, fura ce dai a suna, babu nono, ruwa ya fi gari yawa. Ta durƙusa ta ajiye, ta ɗora ludayi. A bakin ƙwaryar, inda ruwan ya tsaya, akwai wani siririn zobe ja. Tafin hannunta ma ja ne, kuma kowa ya san ba lokacin lalle ba ne.

Na ga idon Yaya ya tafi kan ƙwarya, ya koma kan hannun, ya wuce can cikin bukka inda autarta ke kwance ta naɗe tana riƙe da ciki.

Ƙawata ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, abin da ag gare mu ke nan. Na wanke shi sau bakwai. Manyan ba abin da ya same su, ƙaramar ta dai cikinta ka murɗawa."

Na yi nufin ya gani ne, ban yi nufin ya sha ba. Na miƙa hannu zan janye ƙwaryar in ce yana azumi, ya ture hannuna. Sai yayana, wanda ban taɓa ganin ya ci abu a zaune ba, ya naɗe babbar rigarsa ya zauna a tabarmar. Ya yi bismilla, ya sha ludayi uku. Ya ce, "Alhamdu lillahi, an gode." Sannan ya tambaye ta sauran irin. Ta ɗauko wani ɗan ƙoƙo, ko cika bai yi ba.

A hanyar komawa muka kai gindin wata aduwa. Nan ya dafa itacen ya amayar da abin da ya sha. Ya goge baki da hannun riga, ya tambaye ni ba tare da ya dube ni ba.

"Gida nawa na haka?"

Na ce, "Dubi ƙasa, Yaya."

Ya duba. Tun daga inda muke har ƙarshen lungun, gindin kowace danga akwai jan tabo a rairayi, wani ya bushe, wani da danshinsa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro mabuɗin mangaza ya ba ni. Ya ce in kai wa kowa har gida, kada in tara mutane, kada in kira sunan kowa, shi kuma zai ɗauki yarinyar zuwa likita. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba, don da bakina aka cuɗa irin nan.

Yarinyar ta tashi. Da ruwa ya sauka, ƙoƙon jan irin bai rufe ko kusurwar gonar ƙawata ba, sauran da farin geron mahaifinmu ta shuka. Yaya ya koma majalisa ya warware maganarsa da bakinsa, ya ce a fara ciyar da mutum har kaka, sannan a ba shi iri. Abokansa suka riƙa yi masa ba'a wai ya zama depiten ludayi, da zaɓe ya zagayo kuma ba a sa sunansa ba. Ya koma lakwal ya ci gaba da koyarwa, yana kai da kawowa a gaban allo kamar da. Amma har ya bar duniya, duk gidan da aka ajiye masa fura sai ya zauna, ya karkata ƙwaryar wajen haske ya dubi bakinta, sannan ya sha.