Ranar da Baba Ya Shiga Daji Babu Baka

Ranar wata Laraba, bayan an gama girbin dawa na shekarar 1956, motar Kano ta sauke Yaya Haruna a bakin hanyar ƙauyenmu da ke gefen dajin Falgore. Ina dawowa daga kiwon awaki da ƙunshin harawa a ka, sai na hango shi cikin farar riga, yana rataye da wani baƙin akwati da bai fi ƙaramin akushi girma ba. Shekara biyu ke nan ba mu gan shi ba. Ya tafi birni koyon ɗinki, ashe ɗinkin bai karɓe shi ba, ya koma wurin wani mai ɗaukar hoto. Na yar da harawar na ruga, yara suka bar langar da suke yi suka bi mu har zaure. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta fara taɓa akwatin da bakin sandarta. Ta ce, "Maigidana, shekara biyu kana birni, abin da ka kawo wa matarka ke nan? Ko a ciki tuwon yake?"

Baba maharbi ne, kamar mahaifinsa. Da damina yana noma kamar kowa, amma da an kai amfanin gona rumbu, sai ya sauko da kwari da baka da kuma kan burtu. Burtu babban baƙin tsuntsu ne mai kiwo a ƙasa, namun daji sun saba da shi, ba sa gudunsa. Maharbi yakan ɗaura ƙoƙon kan tsuntsun a wata lanƙwasasshiyar sanda da aka naɗe da fata, ya ɗaure ta a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai tsinto, har ya isa kusa da nama. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin, kuma Baba ya riga ya sassaƙa mini nawa ƙarami da itacen marke. A bayan danga nake gwaji, kaji ne namun dajina. Gwiwoyina har yau suna da tabon wannan karatu.

Yaya Haruna ɗan fari ne, don haka Baba ba ya kiran sunansa, ba ya yi masa magana kai tsaye, ba ya ma kallonsa ido da ido. Haka muka taso muka tarar, ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Ni ne bakinsu. Ko a tabarma ɗaya suke zaune, ta wurina magana take bi. A daren da ya iso, Yaya ya yi ta ba mu labarin cewa akwatinsa yana kama dabba ba tare da an zub da jini ba, kuma burinsa ya ɗauki namun dajinmu ya kai wa mutanen birni su gani. Washegari bayan sallar asuba Baba ya kira ni. Ya ce, "Audu, ka ce wa mutumin Kano, in akwatin nan nasa ya kamo naman daji har na gane shi da idona, ya koma wurin maigidansa. In bai kamo ba, ga gatari can, sassabe na jira." Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Yaya ya ce ya yarda.

Naɗin fim ɗaya hoto takwas yake ɗauka. Baba da kansa ya ce zai kai mu fadamar da gwanki ke shan ruwa, ya kuma sa mu fita da sassafe, yadda ya saba shekara talatin. Yana da ɗan burgami na toka. In mun kusa, sai ya ɗebi kaɗan ya saki, ya ga inda iska ta kai ta, sannan mu zagaya mu fuskanci iskar don kada nama ya ji ƙanshinmu. Da rani iskarmu daga gabas take tasowa, rana ma daga can take fitowa. Da muka tsaya a gindin wata kaɗanya, Yaya ya ja ni gefe. Ya ce, "Ka gaya wa Baba, akwatin nan ba ya son rana a fuska. Sai tana bayan mai ɗauka." Tsakaninsu bai fi taku ashirin ba, amma ban taɓa yin tafiya mai nisanta ba. Ta yaya zan gaya wa Baba ta inda zai shiga daji? Da na isa gabansa, ya ɗaga kai, sai na ji bakina ya ce, "Ya ce Allah ya ba da sa'a." Baba ya ce, "Amin."

Kwana uku muka yi haka. Yaya ya ɗauka Baba ya ji ya ƙi ne, bai sake tayar da maganar ba. Ga shi dogo, ga ƙanshin sabulu, kan burtu kuma ba ya zama a goshinsa, don haka daga nesa yake dannawa, rana na dukan idon akwatin. Aka ba yaron mota fim ɗin ya kai Kano a wanke. Bayan mako uku hotunan suka dawo. Sama fari fat, ƙasa baƙi ƙirin, a tsakiya wasu ɗigo-ɗigo da ba a san ko kututture ba ne ko dabba. Kaka ta juya ɗaya sama da ƙasa, ta ce gawayin yana da kyau, a ajiye mata na shayin baƙi. Baba ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar. Da yamma na ga Yaya ya linke farar rigarsa ya sa a ƙasan adaka, ya zauna yana wasa gatari.

Kwana biyu na kasa cin abincin kirki. A na uku na tarar da Baba a zaure yana gyara ɗaurin kan burtunsa, na durƙusa na faɗa masa abin da aka aiko ni da shi da abin da na faɗa. Na riga na shirya wa bulala. Bai dake ni ba. Sai dai ya ce, "Wanda aka aika ba shi da ikon tauna saƙo." Ya tashi ya fita tsakar gida da burgaminsa, ya saki toka, ya dubi inuwarsa. Da azahar ya sake, da la'asar ya sake. A karo na uku tokar ta dawo masa a ƙirji, inuwarsa kuma ta miƙe gabansa. Ya ce, "To. Da yamma iska da rana suke shiryawa. Je ka tambayi wanka, saura nawa a cikin akwatin?" Saura ɗaya ne. Sauran bakwai na naɗi na biyu ya ƙarar da su a kan mutanen gari da 'ya'yansu.

Baba ya ce Yaya ba zai iya tafiyar burtu cikin kwana ɗaya ba, amma tsoho zai iya koyon danna ƙarfe. Suka zauna a tabarma, ni a tsakiya. Akwatin irin wanda ake riƙewa daidai cibiya ne, a sunkuya a leƙa wani ɗan madubi da ke samansa. Baba ya gwada ya ce ai wannan tsinton burtu ne, ba sabon abu ba. Yaya ya ce in ce masa ya riƙe numfashi kafin ya danna. Baba ya ce in tambaye shi ko yana tsammanin da dariya ake sakin kibiya. Da yatsan Baba ya ƙi samun ɗan ƙarfen, Yaya bai jira ni ba. Ya miƙa hannu ya kama yatsan ya ɗora a wurin. Ban taɓa ganin hannunsu ya haɗu ba sai ranar.

Washegari bayan sallar la'asar muka fita. Inna ta biyo mu har zaure da kwari da baka, tana zaton mantawa ya yi. Ya ce ta mayar. Muka bar Yaya a bayan wani suri, ni da Baba muka ɗaura kawunanmu, domin burtu bibbiyu suke kiwo. Gwanki huɗu ne a bakin ruwa, babban namijin yana gefe, ƙahonsa ya lanƙwasa baya. Muna tafiya muna tsinto, mu tsaya, mu karkata, mu sake matsawa. Ƙaya ta shige mini gwiwa ban motsa ba. Baba ya wuce inda ya saba sakin kibiya, ya ƙara matsawa har ina jin hucin dabbar. Namijin ya ɗaga kai ya dube mu. Baba ya sunkuya. Na ji ƙas, sai ƙasa ta ɗauki rugugin kofato. Baba ya daɗe a durƙushe bayan sun ɓace, sannan ya ce a hankali, "Gobe ma yana nan." Shi ne karo na farko da ya dawo daga daji hannu wofi bai ɓata rai ba.

Mako ukun da suka biyo baya Yaya ya yi sassabe bai yi ƙorafi ba, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Da hoton ya iso, a zaure aka buɗe. Ga gwanki tsaye sosai, kunnuwa a miƙe, har farin da ke gefen hancinsa ana gani. Kaka ta sa yatsa a ƙasan hoton ta ce, "Wannan kuma wane ne ya shigo babu sallama?" Wata doguwar inuwa ce kwance a kan ciyawa, mai lanƙwasasshen wuya da dogon baki. Baba ya riƙe hoton har aka kira magariba. Da zai tashi alwala ya ce, "Audu, ka ce wa wanka kada motar Laraba ta wuce shi. Ka ce Allah ya yi wa sana'ar albarka." Wannan karon ban rage ko harafi ba, ko da yake Yaya yana nan zaune yana ji.

Baba bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba har ya bar duniya. Yaya ya yi rayuwarsa duka da wannan sana'a, ya ɗauki sarakuna da amare da 'yan makaranta, kuma duk rani sai ya zo gida ya bi gauraka da zabin daji da akwatinsa. A daminar da ta wuce Allah ya karɓi abinsa. Bayan sadakar bakwai, babbar 'yarsa ta miƙo mini wata tsohuwar ambulan da aka samu a ƙasan adakarsa. Gwankin ne, takardar ta yi ja. A bayanta, da fensir, da rubutunsa, ya sa: Hoton Baba.

Yanzu jikokina suna ɗaukar hoto ɗari da waya kafin a gama gaisawa, su goge wanda bai yi musu ba. Fadamar ta zama gonar shinkafa, gwanki ya yi nisa, kan burtun gara ta cinye shi tun tuni. In na nuna musu hoton, dabbar suke yabawa, kuma ba na ganin laifinsu. Mu uku muka shiga daji a wannan yammaci, ni kaɗai na rage da zan nuna inda ya kamata a duba.