Taimin bel a wuyan ragon suna

Shekarun baya ne, tsakiyar damina. Abin da ya fara gaya mini akwai matsala shi ne kukan ƙwari, don bai kamata in ji shi ba. Motar yayana tsohuwar a-kori-kura ce mai jan taya huɗu, irin masu shiga daji ɗauko hatsi, in tana tafiya ko na kusa da kai sai ya ɗaga murya. Mun hauro daga wani rafi ke nan motar ta yi tari, ta kama karkarwa, sai Yaya ya murɗe makulli ya kashe ta da kansa. Nan take na ji ƙwari, na ji ganyen dawa na gogar juna, na ji ruwa na ɗiga daga ƙarƙashin mota.

Daga Mairuwa muka taso, za mu kai ragon suna ƙauyen da yayata ke aure, can gaba da Ruwan Godiya. Ni da Kaka muna gaba, rago na baya. Wanda ya san yankinmu ya san ba a tsayawa a wannan hanyar saboda 'yan bindiga, balle lokacin da dawa ta fi mota tsawo. La'asar ta riga ta yi.

Kaka ta ce, "Maigida, mi ya faru? Amaryar taka ta yi yaji?" Haka take tsokanarsa tun yana ƙarami.

Yaya ya sauka ya buɗe bonet, na bi shi don ba zan iya zama ba. Gaban injin duk laka da tsakuwa. Ya nuna mini wata baƙar roba mai haƙora da ta zagaye wasu ƙarafa masu juyawa, wani sashe nata haƙoran sun zube. Ya ce taimin bel ke nan. Bai daɗe da sa sabo ba, amma murfinsa ya tsage, bakanike ya ce a bar shi a buɗe ya riƙa shan iska. A kan kwalta ba komai. A rafi kuwa tsakuwa ta samu ƙofa.

Kaka ta leƙo ta taga. "To ku tura mana! Ni tun da nike, mota in ta mutu turawa ake."

"Kaka, in aka tura wannan an kashe ta," in ji Yaya. Ya dube ni, sai ya sassauta murya. "Auta, kin san lugude? Mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga, wannan ta sauke. Haka saman inji da ƙasansa suke. Robar nan ce ke riƙe musu kiɗa. In ta kuskure, taɓarya ta haɗu da taɓarya. Shi ya sa na yi maza na kashe."

"Sun haɗu?"

"Sai mun gani."

Ya ce kar in damu, tsohon bel ɗin da aka cire yana bayan kujera, duk direban daji na ajiye nasa. Ya tura kujera gaba, ya fito da jak, da tsumma, da galan. Ya sake dubawa, babu bel. Sannan ya tsaya, hannunsa a kan ƙofa, yana kallon dawa.

Ban taɓa ganin fuskar yayana haka ba. Daga nan abubuwa suka koma mini kamar mafarki. Hasken yamma ya yi ruwan zuma a kan gonaki, wata farar balbela ta sauka bakin rafi tana takawa a hankali kamar mai tsoron tada wani. Na tuna na bar wankina a igiya. Can nesa, ta yamma, na ji ƙarar babura, ba ɗaya ba. Ta taso, ta lafa, ta sake tasowa. Na nemi addu'ar da na haddace tun ina islamiyya, ko farkonta na kasa kamawa. Ni da nake cika baki a makaranta wai soja zan zama.

Kaka ta ce, "Wai mi kake nema haka?"

"Wata roba, Kaka. Baƙa, zagayayya."

"Mai haƙora kamar na kada?"

Muka juyo gaba ɗaya.

"Yo ai tana wuyan rago. Igiyar da kuka ɗaure shi da ita tana cin wuyanshi, na ga wagga tana zaman banza."

Yaya ya haye bayan mota. Ga rago tsaye yana tuƙa, taimin bel a wuyansa kamar abin wuyan amarya, Kaka ta zarge shi da igiya ta ɗaure a ƙarfe. Ya zare shi a hankali, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana neman inda aka tauna. Ya goge shi da hularsa.

"Kaka, da kin yanke shi fa?"

"Da wuƙar wa? Kai ka saya mini?"

Aikin ya ɗauki lokacin da ban san tsawonsa ba. Ya kwance abin da zai kwance, ya wanke laka da ruwan shanmu. Kowane ƙarfe mai juyawa yana da ɗan ɗigo da aka sassaƙa, kuma sai ɗigon ya tsaya daidai da alamarsa a jikin inji kafin a sa bel. Ni ya ba aikin kallo. Yana juyawa da sifana, ni ina cewa saura kaɗan, saura kaɗan, tsaya. Ƙarar baburan na nan tana zuwa tana komawa, amma duniyata duk ta ƙanƙance ta zama ɗigon nan. Da ya sa bel ya ɗaure, bai taɓa makulli ba. Ya juya injin da hannu, a hankali, kansa a karkace kamar mai sauraron ƙirjin jariri. Ya zagayo, ya sake zagayowa. Babu abin da ya tokare.

Ya ce, "Bismillah." Mota ta tashi.

Rago ba shi da abin wuya yanzu, Kaka kuma ta rantse igiya ba za ta sake taɓa wuyansa ba. Sai aka shigo da shi gaba, aka jibge mini shi a ƙafa, na riƙe ƙahonsa.

Har yau ban san baburan su wa ne ba. Wataƙila manoma ne ke komawa gida. Yaya ya sa sabon bel da murfinsa kafin makon ya fita, tsohon ya koma bayan kujera, an kuma yi wa Kaka doka a kansa. Ni kuwa abin bai sake ni ba. Ko a keke-napep nake cikin gari, in direba ya kashe inji ba zato, sai kunnena ya tafi neman kukan ƙwari. In na ji mata na lugude a maƙwabta kuma nakan tsaya da abin da nake yi, ina saurare, ina jiran kada su kuskure.

A ranar dai, mun shiga ƙauyen ana kiran magariba. Hayaƙin girki ya kwanta a kan rufin ɗakuna, mijin yayata ya taso daga bakin masallaci yana yi mana sannu da hanya. Yaya ya kashe mota, shiru ya sake saukowa, ni dai ina zaune ina jira in ji baburan. Aka buɗe ƙofa, aka ja rago, ya ƙi fita. Sai da Kaka ta dafa hannuna na gane ni ce na ƙi sakin ƙahon.

Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsokane ni ba ko kaɗan.

"Saki ragon mutane, 'yar nan," in ji ta. "Mun iso. Babu mai taɓa ki nan."