Sunan ɗan fari

A shekarar farin da ya cinye shanun arewa, Bororo suka gangaro suka yi zango a bayan garinmu, can gabas da Belbeji. Mun saba shan nononsu, amma da suka zo ba saniya ko ɗaya sai muka tuna wai suna wari. A rijiya sai an gama su ɗiba. Makaranta kuwa, mushe, wato malamin, ya ce sai an aske wa 'ya'yansu kitso tukuna.

Rannan na kai 'yata likita, wato asibitin garinmu, saboda tari. A gabana cikin layi wata 'yar Bororo ce, siririya, ta goyo yaro duk ƙyanda ta feso masa, numfashinsa kamar ana jan zarto. Manjo, babban ma'aikacin likitan, ya leƙo ta taga ya tambayi sunan yaron. Ta sunkuyar da kai, ta rufe baki da gefen zane.

Kowace mace a layin ta gane. Ɗan fari ne, uwa ba ta kama sunansa. Mu ma haka muke, su dai sun fi mu tsanani.

"Kun gani ko?" in ji manjo. "Mutanen daji ke nan. Ko sunan ɗanta ba ta sani ba! Je ki zo da wanda ya sani."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba manjo, ɗan fari ne fa. Kai tsohuwarka tana kiran yayanka da sunansa? Sa kowane suna mana, ka yi mai allura."

Ya ce likita ba kasuwa ba ce, in kuma na fi shi sanin aiki in shigo in zauna. Matan da ke bayana suka ce in yi shiru kar ya huce a kanmu.

Mijin 'yar Bororon ya tafi kudu neman abinci, zangon kuma da nisa. Ta koma gindin iccen bedi ta zauna, tana kallon ƙasa. Ana cikin ba 'yata magani na hango matar ta miƙe. Kafin ta iso manjo ya ja taga, lokacin cin abincinsa ya yi.

Ta tsaya gaban katakon tagar ta faɗi sunan da ƙarfi. Ta sake faɗa. Ba wanda ya buɗe.

Yaron bai kai la'asar ba. Washegari a rijiya na ji ana cewa Bororo ba su damu da 'ya'yansu ba, na yi jifa da guga na bar wurin.

Na ji sunan, ina kuma riƙe da shi. Ba zan rubuta shi nan ba, don ba ni ta faɗa wa ba.